Daga Lamba Talatin da Ɗaya Ta Ce In Fara

Wata mai karatu ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce wai ni mutum ne mai zargin tsiya. Na gani, ban kuma musa ba. Shekara talatin ina shiga gidajen mutane a birnin Novi Sad ina gyaran famfo, ban taɓa shiga gidan da aka gaya mini gaskiyar abin da aka zuba a bututu ba. Kowa sai ya ce haka kawai ya toshe. Wanda ya ci abinci da wannan sana'ar ba ya yarda da magana don kawai an faɗe ta da murmushi.

Waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Budimir, shekarata hamsin da biyu, matata Zagorka ta rasu shekara shida ke nan. Jolanka kuwa ita ce matar da tukunyar ruwan zafinta ta fashe a ƙarshen Oktoba. Na je na tarar da ita tsaye cikin ruwa har idon sawu, ba ta kula kafet ba, ba ta kula kujeru ba, kwalaye kawai take ta ɗorawa kan tebur. Tsofaffin littattafan zane ne cike da su, irin masu ba da labari cikin hotuna, waɗanda take sayarwa ranar Lahadi a kasuwar kayan gwanjo. Da na gama aiki ina tattara kayana, ta zaro wani siriri mai bango launin toka ta miƙo mini.

"Aro ne, mai famfo. Kada ka ɗora kofin shayi a kai."

"Ni ba yaro ba ne."

"Shi ma ba na yara ba ne."

Sunan jerin Shekarun Gishiri. A kusurwar bangon an rubuta 31. Na ce mata ko ɗan firamare ya san daga ɗaya ake farawa. Ta ce lamba ɗaya taron majalisa ne shafi casa'in, mai zanen farko ko hannun mutum bai iya zanawa ba, duk wanda ta ba shi ba ya dawowa. Masu son faɗa tana ba su lamba tara, inda masu haƙa rijiya suka yi tawaye. Ni kuwa talatin da ɗaya.

"Me ya sa ni talatin da ɗaya?"

"Je ka karanta."

Na karanta. Labarin wata duniya ce da teku ya ƙafe, gwamnati ke rabon ruwa kofi-kofi, kowane gida da mita a wuyan bututunsa. Wani mutum mai suna Varo shi ke bin gidaje yana karanta mita. Sai ya tarar da wata tsohuwa da mitarta ba ta motsa ba wata guda, amma ga ta a raye, har da tumatir a gwangwani kan taga. Doka ta ce ya kai rahoto. Ya tsaya ya kalli tumatirin, ya kalli ɗiyar tsohuwar, Nel, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ya rubuta lambar ƙarya ya fita. Shi ke nan labarin. Ba harbi, ba gudu. Abin da ya fara kama ni shi ne mai zanen ya san aiki: duk mahaɗin bututun da ya zana daidai yake, har zaren da ake naɗawa. Sau huɗu na karanta shi. Wannan ban gaya wa kowa ba sai ku.

Yanzu ga inda matsalar take. Ashirin da ɗaya ga Nuwamba slava ce a gidanmu, wato bikin shekara-shekara na ranar Mala'ika Mika'ilu, waliyyin zuri'armu tun kakan kakana. Ni ke kunna kyandir tunda ni ne namijin da ya rage, amma gidan mahaifinmu da tukwanensa duk a hannun yayata Desanka suke. Slava kuwa sau ɗaya ake gayyatar mutum. Ka ce masa zo bana, to ka ce masa zo har abada, baɗi ba sai an kira shi ba, kujerarsa tana nan. Shi ya sa ba a ɗauko mace a kai ta teburin nan don kawai ta ba ka aron littafi. Ni kuma ina so in gayyaci Jolanka, kuma ban san ko wane ne ni a wurinta ba. Ko in ce, ban san mu nawa ba ne.

Na aika mata saƙo: *Na gama. Ina na 32?*

Ta amso: *Ba 32 ba. Bayan 31 sai 58. Kawo wanda ke hannunka ka karɓa.*

*Me ke cikin 32?*

*Abin da bai kamata ka gani yanzu ba.*

Na ajiye wayar. Idan mai gida ya ce mini kada in buɗe wancan bangon, to a wancan bangon ɓarnar take. Ban mayar da littafin ba.

Ranar Talata Desanka ta zo gidana da kwanon miyar wake, kamar yadda take yi tun rasuwar Zagorka. Ta shigo da baƙar rigar sanyinta mai manyan maɓallai, ba ta ma cire ta ba ta fara shafa yatsa a kan firij tana duba ƙura. Idonta ya faɗa kan littafin.

"Buda, me nake gani? Tsufa ya zo maka ta kai?"

"Aro ne, Yaya."

"Na 'yar ƙabilar Hangarin nan?"

"Sunanta Jolanka."

Ta ɗauka da yatsu biyu, ta juya shi, ta buɗe bangon baya. Ta ajiye shi a gabana ta danna da farce. Ni ban taɓa lura ba. A can ƙasan bangon, da fensir, haruffa ne jere da kwanan wata, kowanne da rubutun hannu daban. Layi biyar.

"Ka ƙirga?"

"Na iya ƙirga."

"Kai ne na shida. Kuma ka ga akwai sauran fili a ƙasa." Ta ja kujera ta zauna. "Mace mai shekara arba'in da bakwai, ba miji, tana zaune cikin kwalaye a gidan haya. Ga ka da gida naka na kanka, ga mota, ga hannu mai aiki. Ni ma da zan ba ka littafi."

"Ba ta nemi komai a wurina ba."

"Ai mai wayo ba ta nema. Sau nawa ka koma duba tukunyar nan?"

Na kau da kai. Sau uku ne.

"Ka dai tuna Mama Persida za ta zo ranar Alhamis ta sama. Kowace shekara tana zuwa. Kada ka sa tsohuwa ta ga wata a inda 'yarta ke zama."

Mama Persida ita ce mahaifiyar Zagorka, shekararta tamanin da ɗaya, har yau ɗana take kirana. Da wannan Desanka ta rufe bakina, ta kwashe kwanon makon jiya ta tafi.

Kwana biyar haruffan nan suna cina. Ina kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanken wasu mutane, sifana a hannu, ina ta lissafin wane ne L.S., wane ne M.K. Ranar Lahadi da safe na tafi kasuwar, amma ban bi layin Jolanka ba. Na zagaya ta wajen masu tsofaffin tayoyi da masu kekuna na ɓullo teburin Ljubinko, wani dogon tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke sayar da kan sarki da littattafan zane. Na taɓa ganinsa yana kai mata kofi a kofin roba, ban kuma manta ba.

"Shekarun Gishiri, lamba talatin da biyu," na ce.

Ya ɗago hularsa ya kalle ni. "Ka karanta nawa?"

"Ɗaya."

"Wanne?"

"Talatin da ɗaya."

Ya yi wani murmushi da ban so ba. "Jolanka ke nan."

"Sunan mahaifinka da wane harafi ya fara?"

"Kai ɗan sanda ne ko mai saye?" Ya sunkuya yana bincika kwali. "Ni lamba tara ta ba ni, in wannan kake tambaya, shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta ce fuskar mai son faɗa gare ni. Ga shi. Amma maigida, ka tabbata? Ita ta ce ka karanta wannan?"

"Kuɗina ne ko nata?"

"Naka ne. Idan ta tambaya, ba a wurina ka samu ba."

A cikin mota na karanta shi, injin a kashe, gilashi na ta yin hazo. Varo ya tsufa, gashinsa fari. Yana zaune da Nel, ashe aure suka yi. An kira shi ofishin hukumar ruwa, aka ajiye masa fayil mai kauri a gaba. Duk lambar ƙarya da ya taɓa rubutawa cikin shekara ashirin tana ciki, kowace da rana da wata. A ƙasan kowane shafi sa hannun wanda ya kawo rahoton. Nel ce. Shafin ƙarshe ba magana ko ɗaya: ya dawo gida, ta zuba masa kofin ruwansa, ya ɗauka ya sha.

Na rufe na ce to, ga abin da ake ɓoye mini. An ba ni mai daɗin in lasa, an ɓoye wanda ke nuna yadda mace ke zama da mutum shekara ashirin tana rubuta shi a takarda. Na san yanzu wasunku suna dariya. Ku yi. A motar nan lissafin ya fita daidai a kaina.

Ranar Litinin bayan azahar na yi aski, na sa rigar aiki mai tsabta, na ɗauki jakar kayan aiki don kada maƙwabta su yi magana, na hau benenta. Ta buɗe ƙofa da koriyar rigar sanyinta mai faci a gwiwar hannu, tabarau na rataye a wuyanta da igiyar takalmi, hannunta duk ƙurar takarda. Gidan na ƙamshin gasasshen tattasai. Kwalayen nan suna jere a bango har rufi, kowanne da lambobi da baƙin alƙalami.

"Tukunyar lafiyarta ƙalau," ta ce. "Amma shigo ka duba ta karo na huɗu."

Ban je wajen tukunya ba. Na zaro littattafan biyu na ajiye kan teburin kicin, 31 da 32, gefe da gefe.

Ta sa tabarau. Ta kalli na biyun. Fuskarta ta canza yadda ban taɓa gani ba.

"Ka karanta?"

"Har ƙarshe."

"Ljubinko."

"Ba ruwansa."

"Zan kashe shi da hannuna." Ta zauna. "Kai kuma, Budimir, kai jaki ne. Ka san abin da ka yi? Ƙarshen labarin ka karanta. Ƙarshen duka. Fitowa ɗari da arba'in, kai ka tsallake ka cinye ta ƙarshe a tsaye."

"An rubuta talatin da biyu."

"A nan aka rubuta. A ƙasar da aka zana shi sun gama jerin tun kafin a fara buga shi da harshenmu. Masu bugawa na nan kuwa duk abin da ya iso musu a akwati shi suke turawa injin, su manna masa lambar da ke biye. Akwatin ƙarshe ya riga sauran isowa, suka buga shi a 32. Rabin garin nan sun girma suna tsine wa Nel tun kafin su san ta. Duk mai sayar da littafin nan ya san ba a ba sabon shiga 32. Ko Ljubinko ya sani, kwaɗayi ne kawai."

"To ai ba ƙarya aka yi mata ba. Ta kai rahotonsa."

"Ta kai."

"Shekara ashirin."

"Ka san me ya sa?"

"A'a."

"Ba za ka sani ba, tunda amsar tana cikin 58 da 77 da wasu goma da ba ka karanta ba. Kuma ba zan gaya maka ba. Wanda ya bi hanya, idan ya iso kofin ruwan nan kuka yake yi. Kai ka iso kana huci."

Na ji kunya ta taso mini, ni kuma idan kunya ta taso sai in ƙara taurin kai. Na juya 31, na buɗe bangon baya, na danna yatsa kamar yadda Desanka ta yi.

"Waɗannan fa?"

"Masu aro. Duk wanda ya ari littafi yana sa harafinsa da rana. Haka ake yi tun muna yara, kowa a kasuwa haka yake yi. Kai ma za ka sa."

"Su wane ne?"

Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta.

"Tambayar da ka hau bene huɗu da ita ke nan."

"Ita ce."

"L.S. ƙanena ne, Laslo, bayan matarsa ta tafi da yaran. M.K. wata nas ce da ɗanta ya mutu a hatsarin babur. Na uku tsohon da ke ƙasa da ni, shekararsa saba'in da tara, in kana son yin kishi da shi ga ƙofarsa nan. Ta huɗu mai sayar da cuku a layinmu. Na biyar ban san sunansa ba ma, wani direba ne da ya tsaya a teburina yana kallon littattafai minti arba'in bai taɓa ko ɗaya ba." Ta rufe bangon. "Ba na ba kowa 31 don yana da gida ko mota. Wanda ya yi rashi nake ba, wanda ke cin abinci shi kaɗai. Ranar da ka zo gyara, na ba ka kofi ka sha a tsaye kana fuskantar bango. Na gane."

Wannan ya fi zargina zafi. Gara a ce tana da maza biyar.

"Tausayi ke nan."

"Da farko."

"Yanzu fa?"

"Su biyar ɗin nan kowa ya dawo da shi cikin kwana biyu, ya yi godiya, ya karɓi na gaba ko ya tafi abinsa. Kai sati uku kana riƙe da shi, kana hawa benen nan kana ƙwanƙwasa tukunyar da ba abin da ya same ta. Ni kuma ina buɗe maka ƙofa. Kai da ka iya ƙirga, ƙirga wannan."

Ta tashi ta juya tattasan da ke kan wuta. Na zauna ina kallon bayanta, da facin nan na gwiwar hannu da aka ɗinka da zaren da bai dace ba. Ni ba mutum ne mai iya jera magana ba. Na ce:

"Ranar Alhamis slava ce a gidanmu."

Ba ta juyo ba.

"Ƙarfe ɗaya ake zama. Ina so ki zo."

"Ka san abin da kake faɗa? Ni ba 'yar cocinku ba ce, amma a garin nan aka haife ni. Na san ba a gayyata sau biyu."

"Na sani."

Ta kashe wuta, ta goge hannu, ta dawo ta zauna. Na ɗauka za ta yi murmushi. Ba ta yi ba.

"Jiya da kake can kana sayen ƙarshen labari, yayarka tana teburina."

"Desanka?"

"Baƙar riga, manyan maɓallai. Ta ce a ba ta lamba ɗaya. Na ce ba daga nan ake farawa ba, ta ce ita daga farko take fara komai. Ta karɓa ta sa a jaka, sannan ta ce mini teburin gidanku kujera goma sha huɗu ne, kuma duk da masu su, har wadda ba kowa a kanta."

Na gyara zama.

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta dawo da shi idan ya gundure ta, zan canza mata da tara." Ta tura mini fensir. "Zan zo, Budimir. Amma ba zan zo ni kaɗai in buga ƙofa da kwalin kek a hannu kamar mai neman aiki ba. Kai za ka zo ka ɗauke ni, tare za mu shiga. Kuma yayarka za ta ji daga bakinka yau, ba ranar Alhamis a bakin ƙofa ba. In ba za ka iya ba, sa harafinka ka bar littafin, ba abin da ya ɓaci."

Na sauko bene na zauna a mota. Sau biyu na ɗauki wayar na ajiye. A na uku na kira. Ana jin ƙarar wuƙa kan katako, Desanka na yanka kabeji.

"Yaya, ki ƙara faranti ɗaya ranar Alhamis."

Wuƙar ta tsaya.

"Ta gaya maka ke nan."

"Ta gaya mini. Ki ƙara faranti."

"Gidan ubanka ne, kai ke kunna kyandir. Zan ƙara." Ta ja numfashi. "Sai dai na riga na kira Mama Persida da safe, don kada abin ya zo mata ba shiri."

"Me kika ce mata?"

"Gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in gaya maka za ta zo da wuri, kuma kada ka aiko mata da tasi bana. Kai da kanka take so ka je ka ɗauko ta, ƙarfe goma sha biyu da rabi, ku biya maƙabarta tukuna."

Gidan Mama Persida yana wancan ƙetaren kogi. Gidan Jolanka yana wannan. Motata kuwa ta aiki ce, kujerar fasinja ɗaya gare ta.